Rabe-raben Masu Shan Wi-Fi na Maƙwabta a Tudun Wadar Zariya

Tudun Wada, unguwar da ta tashi a zamanin Turawa a wajen ganuwar birnin Zazzau domin saukar 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba, ta daɗe da sabawa da zaman haya da cuɗanyar baƙi, kuma kusancinta da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ya cika lungunanta da ɗalibai da ma'aikata masu bukatar intanet dare da rana. A wurin da ɗakuna ke jingine da juna haka, rauta, wato ɗan akwatin da ke karɓar intanet ta layin waya ya watsa a iska ta hanyar da ake kira Wi-Fi, ba ta san inda katangar mai ita ta tsaya ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025, data ta shiga lissafin cefane, nazarin masu shan ta ba da gumin goshinsu ba kuwa ya zama wajibi ga duk magidanci.

Mafi yawa a cikinsu shi ne ɗan alfarma, wanda yake zuwa da ladabi, ya rusuna ya gaida mai gida, sa'annan ya ce, "Yaya, don Allah a ɗan haɗa ni, saƙo ɗaya zan tura wa malaminmu." Ba ƙarya yake yi ba a lokacin, sai dai waya, da zarar an shigar mata da kalmar sirri sau ɗaya, takan adana ta, ta riƙa haɗa kanta duk sa'ad da ta shigo da'irar rautar, kuma da yake an saita yawancin wayoyi su jinkirta manyan ayyukansu sai sun samu Wi-Fi, a nan ne take sabunta manhajoji ta kwashe hotunan shekara guda ta tura rumbun ajiya. Saƙo ɗayan nan yakan kai ƙarshen zangon karatu bai gama tafiya ba.

Daga shi sai mai sadaka da dukiyar wani, kuma wannan ya fi cancantar dogon bayani, domin ta hannunsa ne sirrin gida ɗaya yake zama na layi guda. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, waya tana iya mayar da kalmar sirri ta zama wani zanen ɗigo-ɗigo mai kusurwa huɗu da ake kira QR, wanda wata wayar za ta haska ta shiga ba tare da an furta harafi ko ɗaya ba. Saboda haka dabarar da magidanta suka dogara da ita, ta karɓar wayar baƙo su juya baya su rubuta kalmar da kansu, ta daina aiki, ko da yake har yau ana yin ta da matuƙar muhimmanci. Mai sadakar yakan nuna zanen a majalisa ko a teburin mai shayi, ya sha godiya da addu'a, har a riƙa ce masa mutumin kirki. Sau da yawa ma ba baƙo ba ne, autan gidan ne, wanda farashinsa bai wuce awara ta ɗari biyu ba, abin da ke tabbatar da cewa da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma mai gadin katanga, matashin da ya ƙaurace wa dakalin gidansu ya tare a jikin bangon wani, a daidai wurin da babu inuwa babu iska. Bai taɓa jin cewa zangon 2.4 GHz ya fi na 5 GHz ratsa bango da nisan tafiya ba, amma ya gano hakan da ƙafarsa, taku bayan taku, waya a sama, har ya san tubalin da sabis ke cika a kansa. Ya fi kowa sanin lokacin da ake kawo wuta, kuma in mai gida ya saka rautarsa aljihu ya tafi kasuwar Tudun Wada, shi ne farkon mai jin kewarsa. Idan ya daɗe a wannan matsayi yakan rikiɗe ya zama mai ƙorafi, wanda ya ɗauki shekarun da ya yi yana sha a matsayin haƙƙi, ya tare mai gida bayan sallar Magariba ya ce, "Baba Alhaji, lafiya kuwa? Kwana biyu abin nan ba ya sauri." Wasu daga cikinsu har shawara suke bayarwa a kan kamfanin da ya kamata a koma.

Malamin duba shi ba ya roƙo, canke yake yi. Ya san tsarin WPA2, wato makullin da ya fito a 2004 wanda yawancin rautoci ke amfani da shi, ba ya karɓar kalmar da ta gaza harafi takwas, ya kuma san abin da ke fara zuwa zuciyar mutumin da aka ce ya kawo takwas nan take: 12345678, ko lambar wayarsa da ke rubuce a allon shagonsa, ko sunan ɗan fari haɗe da shekarar haihuwarsa, wanda duk layin ya halarci sunansa. Mai gidan da ya laƙaba wa Wi-Fi ɗinsa cikakken sunansa ya riga ya rage masa rabin aikin.

Wanda ake tsoro fiye da kima shi ne injiniya, mai kwamfuta a jaka da manhajoji masu hoton ƙoƙon kai, wanda ya kalli bidiyo uku a YouTube ya fara kiran kansa haka. Iliminsa yana da tushe, amma tsohon tushe ne. Makullin farko, WEP, masana sun nuna rauninsa tun 2001, sa'annan a Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya bayyana cewa lambar nan mai alƙaluma takwas ta WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta a sauƙaƙe, ana iya cankarta cikin gwaji kusan 11,000. Rautar da aka kashe mata WPS, aka sa ta a WPA2 ko WPA3 na 2018 da doguwar kalma, takan bar injiniya yana gumi har batirinsa ya mutu, daga nan ya aiki autan gida ya leƙo masa takardar da ke manne a bayan akwatin. Haɗarinsa na gaskiya yana zuwa ne bayan ya shiga, domin kowace rauta tana da shafin sarrafawa, wanda ake buɗewa da adireshi irin 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, kuma da yawa suna fitowa daga kamfani da "admin" a matsayin suna da kalmar shiga. Injiniyan da ya tarar da wannan ƙofa a buɗe yana iya sauya kalmar sirri ya kori mai gida daga kayansa, sai an zura tsinke a ɗan ramin da ke jikin rautar an mayar da ita yadda ta fito daga kwali.

'Yan biki ba sa bukatar sharhi, tun da sukan zo rana ɗaya su cinye na wata. Mai fatawa kuwa, wanda ke kafa hujja da cewa iska ba ta da mai ita, ya manta cewa abin da ke cikin iskar da kuɗi aka saye shi.

Rabe-raben ba za su cika ba sai an sa masu rautar kansu, saboda idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikinsu akwai mai zargin kamfani, wanda datar wata ke ƙare masa a kwana tara, ya yi ta Allah-ya-isa, alhali bai taɓa buɗe shafin sarrafawa ya ga jerin wayoyi fiye da goma da ke maƙale da shi ba. Akwai mai tsananin tsaro, wanda ya ɓoye sunan Wi-Fi ɗinsa, matakin da ba ya hana wanda ya san aiki gano shi, ya kuma ƙirƙiro kalma mai harafi talatin da shi kansa ya manta ta kafin Asuba. Mafi yawansu dai mai kunya ne, wanda ya san komai, ya san kowa, amma ba zai iya haɗa ido da ɗan maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci ya ce a'a ba, ga shi kuma layin da ke cikin rautar da lambarsa ta NIN aka yi masa rajista, ta yadda duk aika-aikar da aka yi ta kansa ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Wannan na ƙarshe shi ya fi bukatar sanin cewa rautoci da dama suna da abin da ake kira hanyar baƙi, wato Wi-Fi na biyu mai kalmarsa daban, wanda ake iya kashewa ko sauya masa kalma ba tare da an taɓa na iyali ba, kuma a wasu har ana iya ƙayyade masa sauri. Da shi ake fita kunyar maƙwabci ba tare da an miƙa masa makullin gida ba. Wanda rautarsa ba ta da wannan, abin da ya rage masa shi ne ya sauya "admin", ya kashe WPS, ya riƙa sabunta kalmar sirri duk lokacin da ya sayi data, kuma kada autan gida ya ji ta.