Yawonmu na Bayan La'asar

Ɗan ƙanena ya dawo daga Kwatano bakinsa cike da labarin teku. Wai can da rana ta yi sanyi sai mutane su fita bakin ruwa, su tuɓe takalma, su yi ta taka rairayi har magariba. Ya dube ni ya ce, "Baffa, ku nan Faraku ina kuke zuwa shan iska?" Baba mai goro da ke kan benci kusa da mu ya riga ni amsawa: "Yaro, kakanninka da ƙafa suka zo garin nan. Mu za ka koya wa tafiya?"

Gaskiyar Baba ce. Teku kam ta yi mana nisa, don layin dogon da ya iso nan a 1936 kilomita 438 ya ci daga Kwatano. Amma mu mutanen Zango ba mu taɓa rasa inda za mu miƙe ƙafa ba. Da an sallame la'asar sai ka ga mun fito bibbiyu, uku-uku, carbi a hannu. Tafiyar minti goma takan kai mu awa guda, saboda gaisuwa. Wannan ka gaishe shi da Hausa, wancan da Dendanci, tsohuwa 'yar Bargu kuma ka rusuna mata. Ka tambayi mai jego, ka leƙa marar lafiya, ka yi ta'aziyyar da ta wuce ka. Wanda ya wuce ƙofar gida bai yi sallama ba, kafin isha labarinsa ya zaga unguwa.

Mukan ratsa ta gefen kasuwar Arzeke, wadda duk mai jin Hausa ya san arziki ne a sunanta, mu gangara wajen tashar jirgin ƙasa. Jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa, sai dattawa su tsaya suna nuna inda a da ake sauke kayan Nijar a loda wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Daga nan sai 'yar hanyar ƙafa ta kai ka fadama. Nan ne ni dai raina yake kwanciya. Masu lambu na ɗebo ruwa suna ba latas da kabeji da alayyafo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi ko da hunturu ya busar da ko'ina, balbelu na bin shanun Fulani da ke komawa ruga. Lokacin mangwaro kuwa ba ka dawowa hannu rabbana. Samarinmu sun fi son su hau babur ran Lahadi su tafi madatsar Okpara, gabas da gari, inda ruwan famfonmu ke fitowa. Ba laifi, amma mai babur ba ya ganin abin da mai ƙafa ke gani.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne lambatu. An gina su don ruwan damina ya sami hanya, mu kuma mun mai da su juji. Tun Disambar 2017 doka ta hana ledar da ba ta ruɓewa a ƙasar nan, amma je ka leƙa kwatar bayan gidajenmu. Ruwan da ya bi ta cikin wannan ƙazanta fa shi ne ke gangarawa fadamar da muke sayen ganyen miya.

'Yan'uwanmu na Jugu kullum cewa suke mu na Faraku zemijan, wato acaɓa, ya lalata mu, ko gidan maƙwabci sai an ɗauke mu. Da gaskiyarsu. Su nasu yawon cikin lunguna ne, masallaci na kallon masallaci, har ka ɓulla Kilir inda fadar sarki take da kurmin da ke kusa da ita. In ka bi dattijon Jugu ba ka rasa jin labarin Gwanja: yadda ayarin fatake ke tasowa daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini da kayan fata, su biyo ta Nikki, madugu ya sauke su a Jugu, su huta kafin su nufi Salaga sayen goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa waccan kasuwa, amma zuriyar waɗanda suka yada zango suna nan, mu ne.

Jiya na ce wa yaron ya ajiye babur ya biyo ni. Kafin mu kai fadama an tsai da mu sau bakwai. Wata Inna Bafulatana ta gane shi da kamannin ubansa, ta ɗora masa cukun wagashi biyu a hannu, ta ce ya kai wa mahaifiyarsa. Magariba ta riske mu a wani ɗan masallacin masu lambu, muka yi alwala da ruwan rijiyarsu. Muna fitowa ya ce, "Baffa, gobe ta ina za mu bi?"