Bazazzage, Ka Daina Dukan Sitata

Gaisuwa ga bawana Bazazzage, mai akwalar mota. Labari ya iso Kano cewa yaran unguwarku sun daina bi ta ƙofar gidanka da safe, domin duk wanda ya gaishe ka sai ya yi turi. An ce har masallacin Juma'a ka canja, ka koma wanda ke kan gangare, kuma da hali, da a saman dutsen Kufena za ka riƙa kwanar da ita. Ku ne masu cika baki da birnin ilimi, ga jami'a a Samaru tun 1962, amma an rasa mai gaya maka cewa mota da bakinta take faɗin ciwonta. To, karkaɗe kunne ubangidanka ya biya maka karatu.

Idan ka murɗa makulli, 'yar wuta kaɗan ce take tafiya wurin solonoyid, wato ɗan gwangwanin nan da ke goye a bayan sitata. Aikinsa biyu ne: ya tura ƙaramin giya, wanda rewaya ke kira bendis, ya ciji haƙoran fulawil, sannan ya haɗa babbar wuta daga batir zuwa sitata. Wutar nan takan haura amfiya 100, shi ya sa wayarta take da kauri. Tun 1912 aka fara sa sitata a motar Cadillac a Amurka don a hutar da mutane wana inji da hannu. Kai kuwa ka mai da Zariya baya da fiye da shekara 100.

Gobe da safe, kafin ka fara leƙen masu wucewa, murɗa makulli ka saurara. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, sitata ba ta da laifi, wuta ce ba ta isa ba. Duba kan batir. Farin garin nan da ya taru a kai shi ne ɓarawon. Kwance waya mai alamar ragi tukuna, sannan ɗayar, ka wanke da ruwan zafi, ka goge, ka ɗaure tamau. Kada ka manta da wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji, ita ma takan yi tsatsa. Cikakken batir yana nuna 12.6 a mita, in kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa, ya gaji. Na san ba ka da mita, kuma rowa ba za ta bar ka ka saya ba. Kunna fitilun gaba ka murɗa. In suka dushe, wuta ta gaza ko sitata ta cije. In suna nan tar, nemi laifin a gaba.

In ƙas guda ɗaya ka ji, sai shiru, solonoyid ya motsa amma wuta ba ta wuce ba. Ko tagullar cikinsa ta ƙone, ko burushin sitata ya cinye. A nan ne kake ɗaukar sifana ka hau duka, ta tashi, ka juyo kana murmushi wai kai injiniya. Dukan nan burushin kawai yake girgizawa ya ɗan taɓa. Sitatocin zamani da yawa maganaɗisu ne a cikinsu, ranar da ka ba shi da ƙarfi ya tsage, gyaran burushi ya koma sayen sabuwa.

In ba ƙas ba tari, duba fis da rile da bayan makulli. In kuma ka ji tana juyawa fiii inji bai motsa ba, bendis ne bai kama ba. Ƙarar gurzar ƙarfe kuwa haƙora ne suka cinye, kuma in na fulawil ne sai an sauke giyabos. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a murɗa ɗaya, bar ta ta huce. Dabarar nan ta haɗa kawunan solonoyid da sukundireba ka bar wa rewaya, domin in motar tana cikin giya, kai za ta fara takewa.

An ce har ka fara cigiyar mota mai giyar otomatik. Ka dai sani ita ba ta tashi da turi, ko Tudun Wada da Sabon Gari duka za su taru a bayanta.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato kunnenka da kan batir, sannan rile, sannan burushi. In ta kama dole sai an canja sitata, ka shigo kasuwar Ƙofar Ruwa da ladabi, ka ce Bakano ne ya aiko ka. Ladan wannan karatu kuwa ka haɗa da kuɗin sharar bana, watan cika-ciki ina nan tafe, kuma ba zan yi turi ba.