Na Yi Kyanwa a Manchesta

Yaya,



Albishirinki, na yi kyanwa! Ke ce shaida kan kukan neman kyanwa da na sha a gidanmu na Makera, Baba, Allah ya jiƙansa, yana cewa bakunan da yake ciyarwa sun ishe shi, ba zai ƙara da mai wutsiya ba. Da fitinata ta ishi Inna, sai ta tattara ƙyallayen da yake kawowa daga masaƙar KTL, ta ɗinka min tawa, ta cusa mata auduga. Ido ɗaya jan maɓalli, ɗaya baƙi. Ke kuwa kika ce gafiya ce, ban yafe ba har gobe. Da ita nake goyo, da ita nake barci. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ni, ko kunu ba na sha sai an fara ba ta.

To, ta nan ba ta ƙyalle ba ce, kuma ta fi ni gata. Tun 10 ga Yuni 2024 doka ta ce kowace kyanwa a Ingila sai an dasa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, in ba haka ba tara ta kai fam 500. Tana da likitanta, tana da inshora. Na miƙa mata tuwo da miyar kuka, ta shinshina, ta dube ni, ta yi tafiyarta. Sai abincin gwangwani. Ɓera kuwa, ina jin ko a talabijin ta gan shi za ta shige ƙarƙashin gado. Na sa mata suna Hajiya, tunda ni ce 'yar aikinta.

Af, ashe Turawan da aka haɗa hannu da su aka buɗe KTL a 1957 'yan Lankasha ne, nan kusa da mu. Masaƙar tamu ta rufe a 2002, yawancin nasu ma sun daɗe da yin shiru, wasu an mayar da su gidajen haya.

Don Allah kada Kawu ya ji nawa nake kashe wa Hajiya a wata. Ko jiya na rantse masa cewa nan ma babu kuɗi.

Taki ƙanwa,
Auta