Yadda Na Dafa Kaina a Cikin Leda

A da, tumbi shaida ce ta cewa Allah Ya yi wa mutum buɗi. In ka shiga taron ɗaurin aure da shi, tun kafin ka gama sallama an matsa maka a kan tabarma, maroƙa kuma su liƙa maka Alhaji ko da hanyar filin jirgi ba ka sani ba. Nawa tumbin da hannuna na raine shi, da tuwon shinkafa da miyar taushe, da tsiren yamma, da shayi mai kauri. Ban taɓa jin ya yi mini nauyi ba sai ranar da likita ya auna ni, ya cire tabarau, ya ce, "Yallaɓai, jinin nan ya hau. Ka rage ƙiba, ka riƙa motsa jiki." Ya ƙara da wasu maganganu a kan gishiri da sukari da maiƙo, amma kunnena bai ɗauki wannan ɓangaren ba.

Majalisarmu ta bayan Isha'i na kai ƙara. Majalisa kuwa ba ta rasa likita. Namu tsohon direban tanka ne, wanda duk cutar da ka ambata ya taɓa warkar da wani daga ita a hanyar Fatakwal. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma dai, wannan ai ƙaramin aiki ne. Kitse mai ne. Me ke narkar da mai?" Muka haɗa baki muka ce wuta. Ya ce, "To, magana ta ƙare. Ka naɗe cikinka da leda, ka ɗora rigar ruwa, ka fita gudu da rana. Duk gumin da ka ga yana zuba, kitsen ne yake bin ƙafa." Hujjar ta zauna mini daram, musamman da yake ba ta taɓa kwanon tuwona ba. Cikin murna ban ma kula ba cewa shi kansa mai ba da maganin rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun zamanin mulkin soja.

Na je wajen 'yan gwanjo na sayo rigar ruwa baƙa, riga da wando, irin ta masu babur. Na haɗa da leda mai faɗi da salatif. A hanyar dawowa na tsaya wajen yaron nan mai sikeli a bakin kasuwa, na hau, allura ta yi rawa ta tsaya a kan kilo 98. Yaron ya ce, "Baba, sauka a hankali don Allah, shi kaɗai ne jarina."

Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, awaki ma sun san su laɓe a gindin katanga. Na shiga ɗaki na turo ƙofa. Na zagaya leda daga ƙirji har ƙugu, na bi ta da salatif sama da ƙasa, na ɗora rigar sanyi, na ɗora rigar ruwa, sannan na ɗaure bakin hannuwa da na ƙafafu da robar ɗaure kuɗi don kada iska ta shiga ta ɓata mini aiki. Da na fito tsakar gida, kowane taku sai ƙaras-ƙaras. Uwargida tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi sama, babu ko ɗigon gajimare.

"Maigida, hadari aka ce maka ya taso?"

"Motsa jiki za ni."

"To, Allah Ya kiyaye hanya. Amma ka ajiye kuɗin cefane kafin ka fita, saboda halin rai."

Fitar farko ta ba ni duk abin da nake nema. Na zagaya filin ƙwallon bayan unguwarmu ina haki, gumi yana kwarara ta wuraren da ban san suna gumi ba. Na ɗaga hannu zan gaida wani dattijo, sai na ji ruwa mai ɗumi ya taso daga wuyan hannuna ya gangaro har hammata. Da na zauna na cire robar ƙafa, takalmina ya cika taf. Ban ko yi wanka ba na garzaya wajen mai sikeli: kilo 96! A daren nan ni na riƙe majalisa da lacca, har ina tausaya wa likitoci da suka ɓata shekaru a makaranta.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ƙishirwa. Kafin in kwanta na shanye rabin jakar fiya wata, na bi da zoɓo mai ƙanƙara, na rufe da fura. Washegari allura ta koma gidanta na jiya, har da 'yar ƙara. Na zargi sikelin, yaron ya rantse da abin da zai kashe shi. Na koma wa likitan majalisa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ai kai ka ɓata aikin. Ruwan da ka sha shi ya mayar da kitsen. Wannan karon kada ka kuskura ka sha, kafin gudu ko bayansa."

Haka na sake fita, da azahar, baki a bushe. Tun daga zagayen farko na ji abin ba irin na baya ba ne. Kai ya fara sarawa. Zuciya ta bar ƙirji ta koma bugawa a cikin kunne. Harshe ya manne da ganɗa. Yaran da ke buga ƙwallo suka tsayar da wasa suna kallo, wani mai bakin tsiya a cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Ku zo ku ga alala a leda, tana gudu!" Na so in bi shi, sai na ga ragar gola ta zama biyu, sannan ta zama huɗu. Tsikar jikina ta tashi, ina jin sanyi a tsakiyar rana. Sharaɓar ƙafata ta dama ta ɗaure tamau. Na nufi inuwar wata darbejiya, amma ƙasa ta riga ni isowa.

Wani tsohon soja da ke zaune a wurin shi ya cece ni. Ya sa aka ja ni inuwa, ya zaro reza ya tsarge rigar ruwa da ledar gaba ɗaya. Ruwan da ya taru a ciki ya tsiyaye shaa a ƙasa, jama'a suka ja da baya, wata tsohuwa mai gyaɗa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi, ya fashe!" Sojan ya tare mai ga-ruwa ya sa aka juye mini jarka, yara suna yi mini fifita da kwali, har da mai bakin tsiyar. Daga nan sai a-daidaita-sahu, sai asibiti. Ruwan da na zubar kyauta a fili, shi na saya da kuɗina aka mayar mini ta jijiya.

A asibitin ne ƙanwar matata, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma abokiyar wasata, ta same ni a kwance ba halin gudu. Ta jawo kujera.

"Mijin Yaya, an ce ka ƙirƙiro sabon magani. Da gumi na narkar da kitse, ai da babu mai ƙiba ko ɗaya a Kano daga Maris zuwa Mayu, masu gidan burodi kuwa da sai an nemo su da fitila."

Ta yi mini dalla-dalla, ina kallon silin. Gumi ruwa ne, kusan kashi 99 cikin 100, sauran gishiri ne da makamantansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kilo 2 da na yi ta alfahari da su lita 2 ce kawai, kuma tulun gidana ya biya bashin a dare ɗaya. Aikin gumi sanyaya jiki ne, kuma ba ya sanyayawa sai iska ta busar da shi daga kan fata. Ni kuwa na toshe wa iska hanya da leda da roba. Jiki yana ta zubo ruwa, zafi bai fita ba, sai ya ƙara zubowa. Zafin cikin jikin mutum yana wajen digiri 37. In ya haura 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, ƙoda da zuciya su shiga uku. Ga shi kuma maganin hawan jinin da aka ba ni irin mai sa yawan fitsari ne, wato ina kwashe ruwa ta ƙofa biyu.

Na ce ai 'yan damben Turawa da 'yan kokawa suna yi, na gani a talabijin. Ta ce suna yi, don sikelin ranar awo kawai suke son yaudara, da sun sauka su ɗura ruwa. Kuma ba kowa ke sauka lafiya ba. A ƙarshen 1997, ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, dukansu suna sanye da rigar roba, suna motsa jiki cikin zafi, sun ƙaurace wa ruwa don su kai nauyin da ake bukata. Babbansu shekararsa 22. A 1998 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta rigar. Ta dube ni ta ce, "Samari ne majiya ƙarfi, ba masu tumbi da hawan jini ba."

Na yi shiru, can na tambaya, to kitsen ta ina yake fita in ba ta gumi ba? Ta ce ta hanci. Na ɗauka wasan ne ya dawo, ashe da gaske take. A 2014 wasu masana biyu daga Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka buga lissafin a mujallar likitocin Birtaniya: in jiki ya ƙone kilo 10 na kitse, kilo 8.4 iska ce da huhu ke fitarwa, kilo 1.6 ne kawai ke zama ruwa. Kafin kilo ɗaya ya ƙone kuwa, sai mutum ya kashe kalori wajen 7,700 fiye da abin da ya ci. Sassarfar rabin awa ga mai nauyina ba ta wuce kalori 300 zuwa 400, kwalbar lemo mai rabin lita kuma tana mayar da wajen 200 a zama ɗaya. Leda ba ta ƙara wa aikin albarka, sai dai ta gajiyar da kai da wuri ka zauna. Abin da ta rubuta mini babu jarumtaka a cikinsa ko kaɗan: tafiya da sauri bayan sallar Asuba ko gab da Magariba, minti 150 a mako, riga mai shan iska, gorar ruwa a hannu, a rage sukari da maiƙo. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Sannan ta juya wajen yayarta ta yanke hukuncin da ya fi faɗuwar zafi: malmala ɗaya.

Yanzu haka nake, ina taka sayyadata da sanyin safiya, yaran unguwa suna gaishe ni da Baba Alala, allura tana ja da baya a hankali ba tare da ta dawo ba. Likitan majalisa ya ce laifin ledar ne, ba mai kauri na saya ba.

Maganar numfashin nan dai ta tsaya mini a rai. Wata safiya da sanyi ya yi daɗi, uwargida ta zo tashina, na ja bargo na kawo mata hujjar masana: tunda ta huhu kitse ke fita, mai barci ma ai numfashi yake yi, ke nan ina kan aiki. Ta yaye bargon, ta ajiye mini takalma a gaban gado, ta ce, "Maigida, da minshari na rage ƙiba, da tuni iska ta ɗauke ka. Tashi."