Gwanayen Iyo a Kan Tudu

A ganina babu ƙaryar da ke yawo a bakin mazan biranen ƙasar Hausa kamar “ai ni na iya ruwa.” Kakarta kuwa sananniya ce, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ruwan randa ya koma na shayi, fanka kuma, in ma an kawo wuta, zafin ɗakin kawai take juyawa. A wannan lokacin duk majalisar da ka zauna cike take da gwanaye. Wannan ya ƙetare Challawa da dami a ka, wancan ya yi kurme a Tiga har abokansa suka fara salati. To, a ɗebe mu a mota a kai mu bakin ruwan. Nan take wani zai tuna yana fama da mura, wani ya ce don Allah a bar shi ya tsare wayoyi da takalma, jarumin cikinmu kuma ya naɗe wando, ya shiga iya gwiwa, ya yi alwala mai kyau, ya fito yana cewa ruwan yau ba shi da daɗi. Ba zafi nake zargi ba, ba kuma aljanu ba. Abin da nake zargi shi ne tarbiyyar da ta hana mu ruwa da bulala ba tare da ta koya mana shi ba, ta wayi gari ta tara al'umma guda mai shiga ruwa a ɓoye, a wuri mafi muni, a lokaci mafi muni.

Lokacin ma kansa ba ya goyon bayanmu. Ranar da muka fi bukatar ruwa, ranar ce ba ya nan. Yawancin ƙoramu da gulaben arewa na damina ne. Je ka Gulbin Maraɗi a watan Afrilu, yashi za ka tarar, da mata suna tona shi suna tarar abin da ya tsatso. Abin da ke saura wa yaron birni shi ne kududdufi, wato ramin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka bar wa jikoki gado. Damina ta cika shi, kwatar unguwa ta riƙa yi masa ciko, kafin bazara ya tsuke ya zama kore shar, samansa kainuwa da leda, ƙasansa taɓo da fasassun kwalabe, wani lokaci har da akuyar da mai ita ya gaji da cigiya. Nan ne makarantarmu ta iyo. Darasin kuma guda ne: ka tsaya inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, ka duƙa har ruwa ya kai wuya, ka riƙa dukan ruwan da hannu biyu kana tafiya da ƙafa a cikin taɓo, na bakin gaɓa su yi zaton iyo kake. Shaidar kammalawa ita ce tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan makonni yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu ƙauyuka ta zama ruwan dare har ana ɗaukar ta alamar balaga, alhali ciwo ne mai magani, ƙwayar praziquantel, wadda ake rabawa a makarantu.

Daga kududdufi sai kotu, kuma alƙaliyar ba ta bukatar shaida. Uwa ta dubi idon yaro ta ga ya kaɗa ya yi ja, ta dubi ƙaurinsa ya yi furu-furu. In ya musa, ta kamo hannunsa ta ja farce a dantse; farin layi na fitowa an gama shari'a, sai a miƙa wa mai gida ya zartar bayan magariba. Su ma yaran ba su zauna ba. Akwai mai ɓoye man gyaɗa a ƙaramar kwalba don shafawa a hanya, akwai mai zama a inuwa har jan idon ya washe. Babbar dabara ita ce a tuɓe tik a ɓoye kaya a gindin bishiya don kada wando ya jiƙe ya tona asiri, kuma ita ce ke haifar da babbar masifa, domin mai lambun da aka tattake wa albasa, ko wani yayan unguwa mai son a san shi, zai zo ya tattare kayan ya yi gaba. Ai kowa ya san yadda ake komawa gida a irin wannan rana: a jira duhu, a bi bayan gidaje, hannu ɗaya da ganyen tumfafiya, ɗayan yana korar karnuka. Duk wannan abin dariya ne, amma dubi abin da yaron ya ƙware a kai. Ya iya ɓoye sawu, ya iya rantsuwa, ya iya gudu ba wando. Iyo ne kawai bai iya ba. Mafi muni, ya koyi cewa a san ya je ruwa shi ne babban bala'i, ba nutsewa ba. Shi ya sa idan ruwa ya ja ɗaya daga cikinsu, maimakon ihu, sau da yawa sauran sukan watse, kowa ya shige gidansu ya yi tsit, sai dare ya yi a fara cigiya.

Yaron nan shi ne ke girma ya sayi mota ya ce a tafi dam ranar yawon salla. Jihar Kano kuwa Allah ya hore mata su, musamman tun zamanin Gwamna Audu Bako: Tiga da aka kammala a 1974, ga Bagauda, ga Watari, daga baya ga Challawa Gorge a 1992. Sai dai don noman rani da ruwan sha aka gina su, babu wanda ya auna su da mai wanka. Bakin dam yana yaudara: taku biyar ruwa iya cinya, na shida babu ƙasa, kuma can ƙasan sanyi ne mai ɗaure jijiya ga kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye. Magudanan noman rani na wajen Kadawa sun fi kyan gani, ruwa garai-garai yana tafiya a natse, amma gefensu siminti ne a karkace da gansakuka ta lulluɓe, shiga da sauƙi, fita sai an miƙo maka gora. Kayan tsironmu kuwa jarkar da babu tabbacin murfinta da tsohon tib na taya mai faci bakwai. Otal ɗin da aka gina a Bagauda don shaƙatawa, yau reshen Makarantar Horon Lauyoyi ne, wato ko wurin shan iskar ma mun mayar da shi wurin koyon gardama. Mai ɗan hali sai ya nufi kwamin wanka na otal a cikin gari, ya biya kuɗin shiga, ya tarar da 'yan'uwansa ƙarti sun yi sahu a ɓangaren yara, da singileti da dogon wando, kowa ya riƙe bakin kwamin da hannu ɗaya yana ɗaukar hoto da ɗayan. Wurin da na yarda ya dace da mu shi ne Wikki a dajin Yankari na jihar Bauchi, inda ruwan ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa digiri 31 rani da damina, kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Aibinsa biyu ne: nisa, da gwaggon birin da ke jira ka shiga ruwa ya buɗe ledar abincinka.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ba maganar banza ba ce: ruwa yana kisa, kowace bazara ana jana'izar yara, gara bulala da makara. Na yarda da rabin farko. Matsalar ita ce shawarar “a nisanci ruwa” tana aiki ne kawai idan shi ma ruwan ya yarda zai nisance mu, kuma bai taɓa yin wannan alkawari ba. Yaran da jirgin ruwa ya kife da su a Bagwai, a dam ɗin Watari, a ƙarshen Nuwamban 2021, ba wanka suka je ba. Akasarinsu ɗaliban Islamiyya ne a hanyar Maulidi. Mutanen Maiduguri suna kwance a ɗakunansu ruwan dam ɗin Alau ya same su a Satumban 2024. Ba na cewa iyo zai ceci kowa a irin wannan rana, amma wanda ya san yadda zai kwanta a bayansa ya saki jiki ya yi numfashi yana da 'yan mintocin da wanda bai sani ba ba shi da su, kuma cikin mintocin nan ne kwalekwalen ceto ke isowa. Ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, dubban mutane ne ke rugawa cikin Matan Fada lokaci guda da gora da homa, ga wasannin Kabanci na tseren iyo da kurme da kamun agwagwar ruwa da hannu. Hausa suke ji kamar mu, salla suke yi kamar mu, huhunsu biyu ne kamar namu. Bambancin kawai shi ne ɗan Bakabe da hannun ubansa ya fara shiga ruwa, ɗan birni kuwa da tsoron ubansa.

Sai masu cewa ba a nan take ba, ruwa yana da masu shi. Ni ban isa in yi jayayya da 'yan ruwa ba, ban kuma shirya ba. Abin da ke ɗaure mini kai kawai shi ne zaɓensu. Sarkawa suna kwana a kan kogi, suna nutso su lalubo kifi a cikin rami, 'yan ruwa su ɗauke kai. Amma ɗan birni ya zo da sabon agogo da cikinsa cike da shinkafa, bai yi minti goma ba an ce sun riƙe masa ƙafa. Idan aka bincika, abin da ya riƙe ƙafar yakan zama taɓo, ko saiwa, ko tsohuwar koma, ko ramin da masu ɗiban yashi suka bari a tsakiyar kogi. Gaskiya ne masunta suna da addu'o'insu da sirrinsu na gado, sai dai ban ga sun taɓa ɗaura wa baƙo laya sun ce ya faɗa ba; mai sirrin tun yana ɗan shekara biyar yake iyo. Addini ma ba ya bayan masu hani. Malamanmu suna yawan kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Dokin mun riƙe shi da kyau, duk wanda ya ga hawan daushe zai shaida. Harbin mun bar wa mafarauta. Iyon, wanda ake fara ambata, shi muka ɗora wa bulala.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta aljihu. Garin da famfo ya shekara bai ɗiga ba, ake layin 'yan ga-ruwa tun asuba, wa zai cika masa kwamin wanka? Babu. Ni ma ban nemi a gina ko ɗaya ba, kududdufi kuma ba na neman a yi masa afuwa, a cike shi ko a katange. Amma dam ɗin yana nan, an riga an biya kuɗinsa tun kafin a haifi yawancinmu. Abin da ya rage shi ne a zaɓi gefe mai tudu, a share kututture da ciyawar da dodon-koɗi ke maƙalewa, a zuba yashi, a ja igiya iya inda ruwa ya kai ƙirji, a ajiye rigunan ruwa, a ci gaba da raba maganin tsargiya, a kuma ɗauki masunta biyu ko uku su zama malamai. A yanzu ma muna biyan masuntan, sai dai bayan aikin gama ya gama, lokacin da ake kiran su su lalubo. Batun kunya kuma, wanda ya iya raba zaman biki na maza da na mata ba zai kasa ware ranar mata ba, da katangar zana da masu koyarwa mata. Su ne ma aka fi zalunta a wannan harka: namiji ko ba komai ya saci wankan kududdufi, mace kuwa iyakar ninƙayarta bokiti da kwanon wanka a bayan ɗaki, alhali ranar kasuwa ita ce a tsakiyar kwalekwale da goyo.

Saura masu tambayar azumi, tun da a 2021 da 2022 Ramadan ya faɗo a tsakiyar bazara, aka ga dattawa da jiƙaƙƙen tawul a ka, samari kuma suna kwanciya a baho tun daga azahar. Malamai ba su hana mai azumi sanyaya jiki ba, abin da suke jan kunne a kai shi ne kada ruwa ya wuce maƙogwaro. To wannan ma hujjata ce. Wanda ya iya iyo ya san lokacin buɗe baki da lokacin rufe shi. Wanda bai iya ba shi ne ake jawowa gaɓa da rabin dam a cikinsa, yana tari, yana aman ruwa, da ya samu numfashi kuma tambayarsa ta farko ita ce, “Malam, azumina yana nan?”