Masu Kasafin Kuɗi a Ƙofar Kaura

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kusan kowane magidanci a Ƙofar Kaura ya zama ɗan ƙaramin ministan kuɗi. Ana lissafi a takarda, ana lissafi a ka, amma kafin tsakiyar wata aljihu ya yi wayam. Ba rashin iya lissafi ba ne. Kowa na rubuta cefane da haya da kuɗin makaranta, ya tsallake abin da ya fi cinye masa kuɗi, wato halinsa.

Dubi Malam Ai-araha-ce. Ya fito sayen omo, ya koma gida da agogon bango na uku, yana rantsuwa riba ya ci tunda an yi masa ragi. Ga Hajiya Kar-a-ce, wadda ba ta san amarya ba, ƙawar ƙanwar maƙwabciyarta ce kawai, amma anko ya zama dole, ɗinki dole, gudummawa dole, kuɗin adashen da aka tara don buhun shinkafa ya tafi a atamfa. Sai ɗan zamani mai "turo lambar asusunka", wanda da zai ƙirga takardun dubu-dubu da hannunsa da ya ji zafi, amma taɓa waya ba ciwo, sai saƙon banki ya shigo ya hau salati. Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai tsuke bakin aljihu fiye da kima. Ya hana kansa shayi, ya taka daga gadar Ƙofar Kaura har gida don kada ya ba mai Keke Napep ko sisi, yana yi wa kowa wa'azin tattali. Bayan isha'i ƙamshin tsire ya bugi hancinsa, ya ce a ɗanɗana masa yanka ɗaya, a tsaye a gaban tukuba ya cinye tanadin mako biyu, har da "ƙara ƙuli da albasa".

Za a ce laifin tsadar rayuwa ne, kuma da gaskiya a ciki: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya riƙe gida mai 'ya'ya. To amma tsada ba ta taɓa tura kowa sayen agogo na uku ba, kuma ƙarancin kuɗin ne ma ya sa ɓarnar ta fi ciwo. Wasu kuma za su ce zumunci ba ya shiga lissafi. Yana shiga mana. Biki da suna ba sa zuwa ba zato, balle Sallah da kowa ya san watanta.

Don haka mai son tsire ya rubuta "tsire" ɓaro-ɓaro a kasafinsa, ya yanka masa kaso, ya ciro kuɗin a hannu, in sun ƙare ya sauya hanyar komawa gida. Hajiya kuma ta zaɓi bikin da za ta yi wa anko tun kafin katin gayyata ya iso.