Fasto a Layin Masu Yajin Aiki

Kwamared, na san abin da za ka ce tun kafin ka gyara zaman jar hularka. Za ka ce coci da maganar albashi, hanyar jirgi daban ta mota daban. Aikin fasto a wurinka bai wuce ya lallashi lebura ranar Lahadi ba, don ya koma wa maigida da laushi ranar Litinin. Kai kuma Baba, dattijon ikilisiya, da kake gyaɗa kai can gefe, kada ka yi saurin murna, ba yabonka yake yi ba. Kai cewa kake fasto ya tsaya kan ceton rai, ba ruwansa da kwalaye da zanga-zanga. Abin dariya, ku biyu da ba kwa ga maciji da juna, yau bakinku ya zo ɗaya: kowannenku so yake fasto ya shige coci ya ja ƙofa.

To ku taso mu je Memfis, a jihar Tenesi ta Amurka. Ranar 1 ga Fabrairun 1968 ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu masu kwasar shara biyu, Echol Cole da Robert Walker, suka fake a bayan motar aikinsu, cikin ramin da ake juye bola. Injin matse sharar ya tashi, ya murƙushe su. Ranar 12 ga wata abokan aikinsu baƙar fata kimanin 1,300 suka ajiye aiki. Mutane ne masu ɗaukar bahon shara a ka, ruwan ruɓa yana bin wuyansu, ga tsutsa a riga, ba wurin wanka in an tashi. Da yawansu, duk da aikin yini cur, sai sun haɗa da tallafin gwamnati na matalauta kafin tukunya ta hau wuta. Magajin gari Henry Loeb ya ce yajin haramtacce ne, ba zai yi ciniki da ƙungiyarsu ba.

Kwamared, yi haƙuri da wannan tambaya: daga ina ake tashi maci kullum? Daga cocin Clayborn Temple, a miƙe har ofishin magajin gari. Wa ya ja ragamar kwamitin goyon baya bayan 'yan sanda sun fesa wa masu maci hayaƙi mai sa hawaye? Fasto James Lawson na cocin Metodis. Farantin baiko ya zagaya don iyalan masu yaji su ci tuwo. Lawson ɗin nan shi ya gayyato Martin Luther King, wanda mutane kan manta fasto ne na Baptis kafin komai. Daren 3 ga Afrilu, a cocin Mason Temple, King ya ɗauko misalin Basamariyen nan da ya tsaya wa mutumin da 'yan fashi suka yasar, ya sa masu shara a matsayin wanda ke kwance a bakin hanya. Washegari aka harbe shi a otal ɗin Lorraine. Ranar 16 ga Afrilu hukumar birnin ta sauko: ta amince da ƙungiyar, ta ƙara santi 10 a awa, da alkawarin wasu 5 nan gaba. Santi 15, jama'a. A kan wannan ƙura ta tashi har aka rasa King.

Na ga Baba yana laluben Littafinsa zai ce King ya bar aikin Allah ya shiga siyasa. Tunda ka buɗe, Baba, wuce Wasiƙar Yakubu sura 5, inda hakkin masu girbi da aka danne ke kai ƙara har kunnen Ubangiji. Ka koma Attaura ka ga umarnin a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, don ransa na kan kuɗin. Ba 'yan gurguzu ne suka cusa waɗannan ayoyi da dare ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma murmushi suke, sun tuna batun biyan lebura tun guminsa bai bushe ba.

Kwamared zai ce tsuntsu ne daga sama gasasshe, sau ɗaya aka yi. A'a. A 1833, a ƙauyen Tolpuddle na Ingila, an zaftare ladan 'yan ƙodagon gona zuwa sule 7 a mako, ana shirin mai da shi 6. Mutum shida suka kafa ƙungiya, jagoransu George Loveless, mai wa'azin Metodis. Aka zaƙulo wata tsohuwar doka ta hana rantsuwar asiri, a 1834 aka yanke musu shekara 7 a Ostireliya. Sai da jama'a suka tara sa hannu wajen 800,000 kafin a yafe musu a 1836. 'Yan ƙwadagon Birtaniya har yau suna taruwa a ƙauyen duk shekara, da tutoci da badujala, don tunawa da mai wa'azi. Ka je wata rana, za ka ga 'yan uwanka masu jar hula.

Paparoma Leo na 13 kuwa, a wasiƙarsa Rerum Novarum ta 1891, ya taɓo inda ke yi wa masu kuɗi ƙaiƙayi. Kullum hujjarsu ita ce: ai shi ya yarda da kuɗin, ba wanda ya sa masa wuƙa. Leo ya ce yardar da yunwa ta tilasta ba ta wanke maigida. Dole lada ya isa ya riƙe ma'aikaci mai tsimi da tanadi, kuma ma'aikata na da 'yancin haɗa kai. Ya kuma yi watsi da gurguzu a takardar, Kwamared, don haka kada ka ɗauko masa katin jam'iyya.

Wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Baltimo a Amurka. Fastoci masu raba abinci kyauta suka lura cewa da yawa daga masu bin layi ba zaman kashe wando suke ba. Daga wurin aiki suke zuwa, wasu da kayan aikin a jikinsu. Wato coci ce ke cike giɓin albashin da kamfani ya ƙi biya. Ƙawancen coci-coci mai suna BUILD ya haɗa kai da ƙungiyar ma'aikata suka matsa, a 1994 birnin ya kafa doka: duk ɗan kwangilar da ke cin kuɗin hukuma ya biya aƙalla dala 6.10 a awa, lokacin da mafi ƙarancin albashi na tarayya ke 4.25. Birane da dama suka bi sahu.

Yanzu, Kwamared, ga naka rabon, don kada ka tafi da fushi. Sau da yawa coci ta zauna a rumfar masu gona. A Tolpuddle ɗin ma limamin Angilika na garin bai tsaya wa su Loveless ba, kuma a Memfis yawancin fastoci farar fata sun daɗe suna kallon ƙasa. Har yau akwai mai ba da baiko mai kauri a kujerar gaba, direbansa na waje cikin rana yana bin sa albashin wata uku, ba wanda ya tanka daga kan bagade.

Shi ya sa, Baba, ba zan bar ka ka sulale ba. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Nawa kuke ba maigadin coci? Malamar makarantar mishan da ke fama da aji ɗaya cike da yara fa? Kada ka ce mini “hidimar Ubangiji ce”, don mai sayar da masara a kasuwa ba ya karɓar wannan a madadin kuɗi. In za a yi taron kwamitin kuɗi na wata mai zuwa, ka sa takardar albashi a gaban maganar sabon janareta. Kwamared zai raka ka, da sharaɗin ya zo da ta masinjan ofishin ƙungiyarsu, mu duba duka biyun.